Tambaya da Amsa: Kutse da Damfara a Shafukan Kama Masauki

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato tsaron asusu a shafuka da manhajojin da matafiya ke kama ɗakin otal ko gidan saukar baƙi ta cikinsu. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su, kuma mun cire sunayen masu su da na kamfanonin da suka yi ƙorafi a kansu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na kama ɗaki a wani otal ta ɗaya daga cikin manyan manhajojin kama masauki saboda tafiyar da zan yi a wata mai zuwa. Sai ga saƙo ya shigo mini a cikin manhajar, a daidai wurin da nake magana da otal ɗin, ɗauke da cikakken sunana da ranar da zan isa da lambar shaidar kama ɗakin. Saƙon ya ce ba a iya tantance katin bankina ba, kuma idan ban latsa wani mahaɗi na sake shigar da bayanan katin cikin sa'o'i 24 ba, za a soke mini ɗakin. Ban latsa ba tukuna. An yi wa asusuna kutse ne, ko kuwa saƙon na gaskiya ne tunda daga cikin manhajar ya fito?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ba ka latsa ba, kuma kada ka latsa. Alamomin da ka lissafa duk na damfara ne, kuma abin da ya fi yiwuwa shi ne asusun otal ɗin aka shiga, naka yana nan lafiya.

Kowane otal da ke tallata ɗakunansa a irin waɗannan shafuka yana da asusun kansa, inda ma'aikatansa ke ganin jerin baƙin da za su zo, da ranakun zuwansu, da kuɗin da za su biya, kuma ta nan suke amsa saƙonnin baƙi. Masu kutse sun daɗe da gane cewa fasa babban kamfanin aiki ne ja, alhali yaudarar ma'aikacin karɓar baƙi a otal guda cikin dubbai ba ta da wuya. Sukan rubuto wa otal imel da sunan wani baƙo da ya taɓa sauka a can, su ce ya manta fasfonsa a ɗaki, ga hotonsa nan a mahaɗin da aka turo don a duba masa. Ma'aikaci, da kyakkyawar niyyar taimaka wa baƙo, sai ya buɗe, nan take wata muguwar manhaja ta sauka a kwamfutar otal ɗin ta kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a cikinta. A ƙarshen shekarar 2023 kamfanin tsaron intanet na Secureworks ya wallafa bayanin wani kutse da ya bi wannan hanyar sak, inda aka yi amfani da manhajar satar bayanai mai suna Vidar aka shiga asusun da wani otal ke da shi a Booking.com, ɗaya daga cikin manyan shafukan kama masauki, sannan aka bi baƙinsa da saƙonnin neman kuɗi.

Da zarar ɓarawo ya shiga asusun otal, da muryar otal yake magana. Yana ganin sunanka da ranar zuwanka domin suna rubuce a gabansa, kuma saƙonsa yana biyo hanyar da saƙon otal na gaskiya ke biyowa. Wannan shi ne abin da nake so kowane mai karatu ya riƙe daga wannan shafi: fitowar saƙo daga cikin manhajar gaskiya tana nuna maka ƙofar da ya biyo ne kawai, ba ta gaya maka hannun da ya rubuta shi ba. Shekara da shekaru ana koya wa mutane su yi hattara da imel ɗin da ba su san mai shi ba, su yarda da abin da ke cikin manhaja, to wannan yardar ce ake cin amanarta a nan. Cibiyar karɓar rahoton damfara ta Birtaniya a wancan lokacin, Action Fraud, ta ce tsakanin Yunin 2023 da Satumbar 2024 ta karɓi rahoto 532 a kan irin wannan damfarar, kuma asarar da aka yi ta kai fam 370,000. Wannan lissafin ƙasa ɗaya ce, kuma na waɗanda suka kai ƙara ne kawai.

Kada ka nemi tabbaci ta hanyar amsa saƙon a wurin da ya zo, domin idan ɓarawon yana cikin asusun har yanzu, shi zai amsa maka ya ce ai saƙon daga gare su yake. Ka koma ga takardar tabbatarwa da aka aiko maka ranar da ka kama ɗakin, ka karanta sharaɗin biyan kuɗi: an riga an cira, ko sai ka isa za ka biya, ko akwai ranar da za a cira daga katin da ka bayar? Duk buƙatar da ta saɓa wa abin da ke rubuce a can abar tuhuma ce. Bayan haka ka nemo lambar wayar otal ɗin daga shafinsa na kansa, ba wadda ke cikin saƙon ba, ka kira ka tambaya, ka kuma gaya musu abin da ka gani, domin sau da yawa su kansu ba su san an shige su ba. Sannan ka kai rahoto ga sashen taimakon abokan hulɗa na manhajar. Shi kansa Booking.com ya sha nanata cewa cinikin gaskiya ba ya buƙatar mutum ya ba da bayanan katinsa ta imel ko saƙon waya ko WhatsApp.

Wani abu kuma da ke ruɗin mutane shi ne kamannin shafin. Shafin bogi yakan zo da tambarin kamfani da launinsa, har da hoton otal ɗin da kuɗin ɗakinka daidai, kuma yakan ɗauki alamar kwaɗon kullewan nan da wasu manhajojin buɗe shafuka ke nunawa a gefen adireshi. Ma'anar kwaɗon ita ce wani ba zai iya leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin ba, kuma ɗan damfara ma yana samun sa kyauta. Adireshin kansa ne abin dubawa, domin yawanci za ka tarar an ɗauki sunan kamfanin an jona masa wasu kalmomi ko lambobi, ko an sauya harafi ɗaya a ciki. Wa'adin sa'o'i 24 kuwa an sa shi ne don ya hana ka tsayawa ka yi wannan dubawar.

TAMBAYA: Malam, ni kam na riga na faɗa. Na latsa, na shigar da lambar katina, bankina ya turo mini lambar tabbatarwa a waya, ita ma na shigar, sai na ga an cire mini kuɗin da ya ninka na ɗakin. Yanzu wa zan kama, banki ko otal ko kamfanin manhajar?

AMSA: Allah Ya mayar da alheri, Hajiya, kuma kada ki zargi kanki da sakaci, domin wannan tarkon ya kama mutanen da suka ƙware a harkar kwamfuta ma. Banki za ki fara kira, yau ɗin nan, ta lambar da ke bayan katinki. Ki sa a rufe katin a ba ki sabo, ki kuma shigar da ƙorafi a rubuce cewa yaudararki aka yi. Katunan Visa da Mastercard suna da tsarin ƙalubalantar cirar kuɗi, amma yana da wa'adi, kuma duk kwanan da aka ƙara yana rage damar a tsayar da kuɗin. Gaskiya ita ce shigar da lambar tabbatarwa da kika yi zai sa maganar ta yi tauri, domin banki yakan ɗauke ta a matsayin shaidar cewa mai katin ce ta amince. Duk da haka dokokin ƙasashe sun bambanta a kan wanda aka yaudara ya amince, saboda haka ki shigar da ƙorafin, idan an ƙi ki ɗaukaka shi zuwa hukumar da ke sa ido a kan bankuna a ƙasarki.

Kafin komai ya ɓace, ki ɗauki hoton saƙon yadda yake a cikin manhajar, da ranarsa da lokacinsa, da adireshin shafin da ya kai ki, da sanarwar cirar kuɗin. Hoton da ke nuna cewa saƙon ta cikin manhajar ya zo shi ne babbar hujjarki a gaban kamfanin da otal ɗin. Ki rubuta wa dukansu biyu, ki kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar yaƙi da laifukan intanet, ki karɓi lambar rahoton.

A ra'ayina bai isa kamfanin manhaja ya ce na'urorinsa lafiya suke, otal aka shiga, ya tsame hannunsa ba. Matafiyi sunan kamfanin ya gani ya yarda, kuma kamfanin ne ya gina hanyar da saƙon ya biyo. Akwai ma hukuncin da ya taɓa wannan batu. A Disambar 2018 wasu 'yan damfara sun buga wa ma'aikatan otal 40 waya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka yaudare su suka karɓi bayanan shiga asusunsu na Booking.com, ta haka suka samu bayanan mutum 4,109, ciki har da na katin banki na mutum 283. Ma'aikatan otal aka yaudara, amma a 2021 hukumar kare bayanai ta ƙasar Holan, inda hedikwatar kamfanin take, ta ci shi tarar yuro 475,000, saboda dokar Tarayyar Turai ta ce a sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 da samun labarin kutse, shi kuwa ya makara da kwana 22. Tarar a kan jinkirin sanarwa take, ba ta nufin dole a biya kowa asararsa, amma ta nuna cewa nauyin bayanan baƙi yana wuyan kamfanin ko da ta ƙofar otal aka shigo.

Ki kuma yi hattara da waɗanda za su biyo baya su ce su masu ƙwato kuɗin da aka sace ne, ki biya ladan aiki tukuna. Damfara ce ta biyu, kuma sau da yawa daga hannun masu ta farkon take fitowa.

TAMBAYA: Salam, Malam. Na wayi gari na tarar da imel cewa an kama gida da asusuna a wata ƙasar da ban taɓa zuwa ba, da na yi ƙoƙarin shiga sai na ga kalmar sirrina ta daina aiki. Ban taɓa latsa wani mahaɗi ba, ban kuma ba kowa kalmar ba. Ta ina suka samu?

AMSA: Wa alaikas salam. Tambayar da zan mayar maka ita ce, kalmar sirrin nan a wannan asusun kaɗai kake amfani da ita? Mafi yawan irin wannan ƙwacen asusu daga nan yake farawa. Wani shafi dabam da ka yi rajista da shi shekarun baya, wataƙila ma ka manta da shi, shi aka fasa aka kwashe adiresoshin imel da kalmomin sirri, aka sayar da jerin. Masu saye suna da manhajojin da ke gwada kowane imel da kalmarsa a manyan shafuka ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, har su dace da inda mutum ya maimaita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan maimaita kalmar sirri ce tsagar. Akwai shafin Have I Been Pwned, wanda masanin tsaron intanet Troy Hunt ya buɗe a 2013, inda mutum zai sa adireshin imel ɗinsa kyauta ya ga ko yana cikin bayanan da aka taɓa sacewa aka bankaɗo.

Ka fara da imel ɗinka kafin asusun masaukin, domin duk wanda ke riƙe da imel ɗinka yana iya sake kalmar sirrin kowane asusu da ke rataye da shi. Ka sauya kalmarsa, ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba, ka kuma shiga saitinsa ka duba ko an dasa umarnin da ke tura wasiƙunka zuwa wani adireshi ko yake ɓoye saƙonnin kamfanin masaukin. Mutane da yawa suna sauya kalmar sirri su bar wannan umarnin yana aiki, ɓarawo ya ci gaba da karanta musu wasiƙu. Daga nan ka tuntuɓi kamfanin ta shafinsa na ainihi don a dawo maka da asusun a soke abin da aka kama, ka kuma sanar da banki idan akwai katin da ke ajiye a ciki. Lambar sashen taimako ma daga cikin shafin za ka ɗauko ta, domin 'yan damfara suna tallata lambobin bogi a sakamakon bincike na intanet.

Idan asusun ya dawo, ka ba shi doguwar kalmar sirri da ba ta ko'ina sai nan, ka ajiye ta a manhajar adana kalmomin sirri, sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a riƙa neman wata lamba bayan kalmar sirri kafin a shiga. Lambar da ake turowa ta saƙon waya ta fi babu nesa ba kusa ba, sai dai tana da rauni, domin ana iya yaudarar kamfanin waya ya mayar da layinka kan wani sim. Manhajar da ke samar da lambar a cikin wayarka ta fi ƙarfi a inda aka ba da wannan zaɓin.

Game da ajiye kati da hoton fasfo a asusu kuwa, shawarata ita ce a taƙaita. A Nuwambar 2018 kamfanin otal na Marriott ya sanar da cewa masu kutse suna cikin rumbun bayanan baƙi na rukunin otal-otal na Starwood tun 2014, wato tun kafin Marriott ya sayi Starwood a 2016. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ce bayanan baƙi kimanin miliyan 339 abin ya shafa, ta kuma ci kamfanin tarar fam miliyan 18.4 a 2020, kuma cikin abin da aka kwasa akwai lambobin fasfo sama da miliyan 5 da ba a lulluɓe su da tsaro ba. Babu kalmar sirrin da baƙo zai zaɓa ta kare shi daga irin wannan. Abin da ke hannunsa shi ne ya rage abin da yake barin wa kamfani, ya goge tsofaffin katuna daga asusunsa, ya rufe asusun da ya daina amfani da shi.

TAMBAYA: Malam, mai gidan da zan sauka ya ce in soke abin da na kama a manhaja in tura masa kuɗin kai tsaye ta banki, zai yi mini ragi tunda ba zai biya kamfanin kamasho ba. Akwai matsala?

AMSA: Akwai, Malama, ko da mutumin kirki ne. A Airbnb, manhajar kama gidajen saukar baƙi, misali, kamfanin ne ke riƙe kuɗin baƙo, ba ya sakar wa mai gida sai bayan baƙon ya shiga gidan, kuma ƙa'idarsa ta hana biyan kuɗin masauki a wajen manhajar. Wannan riƙon shi ne kariyarki idan kika isa kika tarar babu gidan, ko ba shi ne na cikin hoto ba. Kuɗin da aka tura kai tsaye daga asusun banki zuwa wani da wuya ya dawo, kuma kamfanin zai ce ba shi da masaniyar cinikin. Ga shi kuma ba ki da tabbacin cewa mai gidan ne ke miki magana, tunda asusun masu gidaje ma ana ƙwacewa, tare da duk yabon da baƙin baya suka rubuta musu. Ki bar cinikin a cikin manhajar, ki kuma kai rahoton tayin.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni manajan wani ƙaramin otal ne, kuma yawancin baƙinmu ta waɗannan shafuka suke zuwa. Ma'aikata huɗu ne ke amfani da asusunmu. Me ya kamata mu yi don kada a yi amfani da sunanmu a cuci baƙinmu?

AMSA: Na ji daɗin wannan tambayar, Alhaji, domin a wajenku gyaran ya fi tasiri: asusun matafiyi ɗaya mutum ɗaya yake shafa, naku kuwa yana ɗauke da duk wanda zai kwana a otal ɗin nan da watanni masu zuwa. Kowane ma'aikaci ya samu nasa sunan shiga da tasa kalmar sirri, da iyakar abin da aikinsa ke buƙata, don idan abu ya faru a san ta inda ya faru, idan kuma wani ya bar aiki a rufe nasa a ranar. Kwamfutar da ake shiga asusun da ita a keɓe ta ga wannan aikin, kada ta zama ita ce ake buɗe kowane imel da kowane hoto da baƙo ya turo.

Ku kunna tantancewa mai mataki biyu, amma ku san iyakarta. Manhajojin satar bayanai suna kwashe har da 'yar shaidar da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ke ajiyewa bayan mutum ya riga ya shiga asusu, wadda ke sa ba a sake tambayarsa kalmar sirri a kowane shafi, kuma wanda ya samu wannan shaidar yana iya wucewa ba tare da an nemi lamba daga gare shi ba. Saboda haka tsabtar kwamfutar ita ce tushe.

Akwai kuma dabarar da ya kamata ma'aikatanku su gani da idonsu kafin ta same su. A Maris na 2025 Microsoft ya ba da rahoton wani gungu da yake kira Storm-1865, wanda tun Disambar 2024 yake aika wa ma'aikatan otal a nahiyoyi daban-daban imel da sunan Booking.com, a kan wani baƙo da ya rubuta mummunan sharhi, ko buƙatar tantance asusu. Wanda ya latsa sai ya tarar da shafin da ke cewa ya tabbatar shi mutum ne, ta hanyar danna maɓallin Windows tare da harafin R, sannan ya liƙa wani rubutu da shafin ya riga ya kwafa masa a ɓoye, ya danna Enter. Wannan rubutun umarni ne ga kwamfutar ta sauko da muguwar manhaja, kuma da yake ma'aikacin ne ya ba da umarnin da hannunsa, wasu matakan tsaro ba sa tare shi. Babu tantancewar gaskiya da ke sa mutum ya buɗe wani akwati a kwamfutarsa ya liƙa rubutu. Ku kafa ƙa'ida cewa duk sanarwar da ta zo ta imel, a shiga asusun ta adireshin da aka saba a duba ko tana can, ba ta mahaɗin imel ɗin ba.

Ku riƙa duba akwatin saƙonnin da suka fita daga asusunku kullum, da bayanan asusun bankin da kamfanin ke tura muku kuɗi, domin shi ma ana sauya shi a ɓoye. Ku kuma saba wa ma'aikata da cewa wanda ya latsa abin da bai kamata ba ya faɗa nan take ba tare da tsoron kora ba, tunda ma'aikacin da ke tsoro ɓoyewa zai yi, ɓarawo ya samu kwanaki yana aiki. Idan har an shige ku, ku cire kwamfutar daga intanet, ku sauya kalmomin sirri daga wata na'urar dabam, ku sanar da kamfanin, sannan ku kira ko ku rubuta wa duk baƙon da ke jerinku a ranar, ku gaya masa ƙarara cewa an shiga asusunku kuma kada ya biya komai ta kowane mahaɗi da ya zo masa da sunanku.